Kufan Shahhat a Tsakar Gidana

Bazawara ce ni lokacin da ya aure ni, da 'yata guda a hannu, shi kuma furfura ta riga ta fara cin gemunsa. A shekarun yaƙin Turawa ne, lokacin da alhazai suka yi ƙaranci a Makka, hatsi ya yi wuya, kowa a unguwarmu ta Mansur yana neman wanda za su haɗa tukunya. Ni a nan aka haife ni, iyayena ne suka zo da ƙafa ta Sudan. Shi kuwa wata hanya dabam ya biyo. Ya bar ƙasar Katsina yana saurayi a cikin ayarin fatake, ya ƙetare hamada zuwa Tarabulus, ya yi ta gangarawa gabas yana aikin ƙarfi, sai da ya manyanta sannan ya iso. Iyakar abin da na sani ke nan, ban kuma nemi ƙari ba. Yana salla, ba ya duka, ba ya tsawa. Ga-ruwa yake yi, garwa biyu a sanda, daga bazan, wato wurin ɗibar ruwa na unguwa, zuwa gidajen masu hali. Ni kuma ina suyar ƙosai a bakin hanya.

Mun daɗe tare ban taɓa jin sunan Shahhat a bakinsa ba. Ranar da na fara ji, tuluna ne ya suɓuce ya fashe. Na share na tara a gefe zan kai bola. Da ya dawo bayan la'asar sai ya tsuguna a gaban tarin, ya shiga tsince tsingaron yana jerawa a ƙasa, na baki wuri ɗaya, na gindi wuri ɗaya. Yakan ɗauki biyu ya juya su, ya haɗa, sai ka ga sun zauna daram.

Na ce, "Malam, ko ka haɗa shi ba zai riƙe ruwa ba."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Hannun ne ya tuna. Aikina ne a da."

Daga ranar bakinsa ya buɗe. Ba zama yake yi ya ba ni labari tiryan-tiryan ba, gutsure-gutsure yake zubo mini, ina surfen wake ko ina wanke kasko, rabin hankalina na wurinsa rabi na wurin wuta. Garin a ƙasar Barka yake, gabas da Tarabulus, a kan tudun dutse, yana hangen teku. Babu kowa a cikinsa sai duwatsu, mutanensa sun shuɗe tun kafin zuwan Musulunci. Turawan Italiya ne ke mulkin ƙasar a lokacin, su suka ɗebi mutane suna tone shi. Da farko kwando yake ɗauka, daga rami zuwa bakin kwari. Da suka ga yana da haƙuri sai suka ba shi 'yar wuƙa da buroshi, suka sa shi cikin masu kankare ƙasa a hankali.

Tarihin garin kuwa daga bakin shugaban leburorinsu ya ji, wani Balarabe mai jin yaren Turawan. Wai Yunanawa ne suka fara zuwa cikin jiragen ruwa, fari ya koro su daga tsibirinsu. Suka tarar da idon ruwa yana ɓulɓulowa daga cikin dutse, suka sauke kaya. Akwai wani ganye da ke tsirowa a dajin wurin, magani ne kuma kayan miya ne, da shi suka yi arziki, suka yi ta cira har ya ƙare ƙaf. Daga baya Rumawa suka karɓe garin, suka ƙara nasu gine-ginen a kan na farko, gidajen wanka masu ɗakin zafi da ɗakin sanyi, da daɓe na ƙananan duwatsu masu launi da aka jera suka zama hoton kifi da tsuntsaye. Sai ƙasa ta girgiza.

"Ginshiƙan duk gefe guda suka kwanta," in ji shi, "kamar dawa in iska ta bi ta kanta. Mu muka zo muna tayarwa, da igiya da sarƙa. Guntu ɗaya, mutum goma ba sa motsa shi."

Ya ba ni labarin wurin kallonsu, matakala bisa matakala a jikin tudu, in ka yi magana a ƙasa na can sama yana jin ka. Ya ba ni labarin kaburburansu da aka fafe a jikin dutse, ɗaki-ɗaki a bakin hanya, sun fi gidajen rayayyu yawa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne matan dutse da suke tonowa a bakin kaburburan. Daga ƙugu zuwa sama aka sassaƙa su, da lulluɓi, da gashi, amma wurin fuska a shafe yake sumul, ba ido ba hanci. Ba lalacewa suka yi ba, haka mai su ya bar su.

Na ce, "Malam, wannan zancen ka bar shi a cikin ɗakin nan. Makka ce fa. Wani ya ji ka kana yabon gumaka, ina za mu sa kanmu?"

Ya ce, "Ba yabo nake ba. Da hannun nan na wanke su, shi ya sa na zo in ƙarasa kwanana ina ɗaukar wa mutane ruwan alwala."

Ya kuwa riƙe bakinsa a waje. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Yaƙi ya ƙare, alhazai suka dawo, motoci suka fara yawa a gari. 'Yata ta yi aure aka kai ta Jidda. Mu biyu muka rage a ɗakinmu na dutse da laka, da 'yar tsakar gida wadda tabarma uku ke rufewa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta zo ta Chadi, tana kiwon awaki a jikin katangar ta ɓangarenta.

A bazan ya faɗi. Santsi ya kwashe shi da garwa cike, ya bugi kansa da kafaɗarsa. Mutane suka kawo mini shi a kan kafaɗa. Kafaɗar ta warke a karkace, sanda ba ta ƙara zama a kanta ba. Kan kuwa mun ɗauka ya warke. Na ƙara dafa balila, wato dafaffen waken Larabawa na sayarwa, da yamma a kan suyar safe, don tukunyar gidan ta koma wuyana ni kaɗai. Ina fita da duhun asuba, in dawo rana ta take, in jiƙa wake, in sake fita. Shi yana zaune a inuwa yana jan carbi.

Wata rana na dawo na tarar ya ɗauki 'yar fartanyar da nake kwashe toka da ita, ya ja layi huɗu a tsakar gida, ya kafa tsinke a kowace kusurwa ya ɗaura zare. Yana tsugune a ciki yana kankarar ƙasa.

"Malam, lafiya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kawo kwando. Kada ki taka zaren."

Na yi dariya a ranar. Ita ce dariyar ƙarshe da na yi a kan abin. Kashegari ya ci gaba, jibi ma haka. Rariyata ta tankaɗe ta zama ta ƙasa. Duk abin da ya fito, ƙashin akuya ne, guntun faranti ne, tsatsattsiyar ƙusa ce, sai ya wanke shi da ruwan da na saya da gumina, ya shanya a kan tabarmar salla. In na yi magana ya dube ni kamar baƙuwa ya ce rana na yi, Bature zai zo dubawa. Wani lokaci Larabcin Barka yake yi mini, wanda rabinsa ba na ganewa. Wani lokaci kuma, musamman bayan ya ci abinci, sai ya dawo daidai, ya dubi ramin ya dube ni, kunya ta kama shi.

"Hajiya, ni na yi wannan?"

"Kai ka yi."

"Gobe zan cike."

Gobe ta yi, ya ƙara zurfi.

Na ɓoye fartanyar a gidan maƙwabciya. Ya neme ta bai gani ba, ya zauna a bakin ramin, ya ƙi ci ya ƙi sha, hawaye na bin gemunsa ba sauti. Ya ce za a kore shi daga aiki, ga shi bai san kowa a ƙasar nan ba. Na jure yini guda, na biyu na je na karɓo masa. Maƙwabciyata tana miƙo mini ta ce, "Yaya, ki yi hattara da katangar nan, ba ta da tushe." Na ce na ji. Na kuwa ji ɗin, sai dai ban san yadda ake tsare mutum a gida alhali kana bakin titi kana juya ƙosai ba.

Magana ta fita unguwa. Masu wucewa sukan leƙo ta ƙofa, shi kuma ya ɗaga musu hannu ya ce su tsaya daga nan, akwai mace a ƙarƙashi, ba ta da fuska, a bi ta a hankali. Wasu suka ce dukiya yake nema. Wasu suka ce asiri muke binnewa. Masu sayen ƙosaina suka ragu, wata ma ta ce a gabana ba ta san da me ake haɗa ƙullin ba. Sai ga umda, wato mai unguwarmu, ya zo da kansa. Mutum ne mai sanyi, ya san mu tun tuni. Ya tsaya a bakin ramin, wanda a lokacin ya kai ƙugun mutum, ya yi sallama. Malam ya amsa daga ciki, ya miƙo masa wani guntun kwalba shuɗi a tafin hannu, cikin ladabi, kamar mai nuna wa babba aikinsa. Umda ya karɓa ya juya shi, ya mayar masa. Sannan ya ja ni gefe.

"Ya Hajja, miskini ne, na gani. Amma zancen gumakan nan in ya kai kunnen da ba namu ba, ba zan iya tare muku ba. Ki rufe ƙofa. Ki cike ramin."

Na ce, "Ya umda, in na cike da yamma, kafin in dawo da hantsi ya tone."

Ya ce, "Allah ya ba ki lada," ya tafi. Na riƙa kulle ƙofa ta waje in zan fita. Ina suya ina tunanin ko gobara, ko ya faɗa ramin ya karye. Na ƙona hannuna da mai sau da yawa a wannan shekarar, tabon yana nan.

'Yata ta zo daga Jidda ta ga abin da ake ciki. Ita Larabci ya fi zama a bakinta, Hausar tata tsinta-tsinta ce. Ta ce, "Inna, halas, ya isa haka, a kai shi inda ake ajiye irinsu. Kin ga yadda kika koma kuwa?" Na ce a'a. Ba don na fi kowa tausayi ba ne. Na taɓa ganin yadda ake ɗaure su, kuma ko tunanin hawa da sauka da neman takarda da roƙon mutane ba ni da ƙarfinsa. Abin da na saba da shi ya fi mini sauƙi, ko da yana cin jikina. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta wanke mana kaya, ta koma.

A lokacin aikin hajji na wannan shekara wani alhaji ya tsaya sayen ƙosai, dogo, da farin bargo ya naɗe jiki duk da zafin da ake yi. Da ya yi magana sai na ji irin Larabcin da Malam ke yi mini a cikin rami. Na tambaye shi daga ina. Ya ce Barka. Na ce ko ya san Shahhat. Ya ce ƙauyensu ba shi da nisa da wurin. Na kashe wuta, na bar sauran ƙulli a ƙwarya, na roƙe shi don Allah ya biyo ni gida, ba nisa. Ban san abin da nake fata ba. Wataƙila na ɗauka in wani ya gaya masa an gama aikin, zai ajiye fartanya.

Baƙon ya zauna a bakin ramin ya yi masa sallama da harshensu. Malam ya ɗago da sauri. Ya fito, ya kakkaɓe jiki, ya sa na kawo shayi. Rabon da in gan shi a natse haka na manta. Ya san a Makka yake, ya san ni matarsa ce, har ya ce wa baƙon in ba don ni ba da tuni ya lalace. Suka shiga lissafa wurare, idon ruwa, hanyar kaburbura, matakalar kallo.

Malam ya ce, "Ruwan yana gudu har yanzu?"

"Yana gudu. Matanmu na wanki a wurin."

"Ginshiƙan babban ɗakin da ke can sama fa? Mun bar su a kwance."

"Suna kwance. Waɗanda kuka tayar a ƙasa suna tsaye, sauran ciyawa ta rufe."

"Turawan fa?"

"Sun tafi tun yaƙi. Lokacin da jirage ke ruwan wuta, a cikin kaburburan nan muka zauna da iyalinmu da dabbobinmu. Ɗana na biyu a ciki aka haife shi. Har yanzu akwai waɗanda ba su fito ba, sun sa ƙofa sun zauna."

Malam ya dubi raminsa. Can ya ce, "To wa ke share daɓen? In ba a share ba, saiwa tana ɗaga duwatsun."

Baƙon ya ɗaga kafaɗa. Ya ce akwai mai gadi, wasu Turawa dabam sukan zo su duba, amma awaki sun fi su zuwa. Ya shanye shayinsa, ya yi mana addu'a, ya tafi neman 'yan uwansa. Ban sake ganinsa ba.

Abin da na yi fata bai samu ba. Kashegari Malam ya tashi da sabon ƙarfi. Ya ce an bar aiki rabi, babu mai yi sai shi. Ya warware zarensa ya ƙara faɗin ramin, ya nufi katanga. Na yi faɗa, na yi lallashi, na tara duwatsu a wurin, ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefe bisa girmansu.

Ruwan Makka ba ya sallama. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba, ran da zai zo kuma ya zo kamar an ɓalle bakin salka. Bayan azahar ne hadari ya taso ta bayan duwatsu. Kafin in tattara kasko in iso gida, lungunmu ya zama rafi. Na buɗe ƙofa na tarar da shi tsaye a bakin ɗaki, jiƙe sharkaf, ya rungume tabarmar da ya naɗe tarkacensa a ciki. Ramin ya cika ya batse. Muna tsaye muna kallo gindin katangar ya jiƙe, ta yi ciki, ta zauna a hankali, sannan ta kife ta ɓangaren maƙwabciya. Na ji kukan awaki. Na ji ta tana salati.

Ba a rasa rai na mutum ba, alhamdu lillahi. Akuyarta mai ciki ce ta mutu, wata kuma ta karye. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya a kan tarin laka da zanenta a jiƙe ta ce, "Yaya, ai na gaya miki." Malam kuwa yana bayana yana faɗa wa kansa cewa gefe guda ta kwanta.

Mai gidan da muke haya ya ce mu tashi, umda bai iya tare mana ba. Na ba maƙwabciyata abin da na iya, ta karɓa ba ta dube ni ba. Mijin 'yata ya samo mana wata rumfar kwano a Ka'akiyya, can bayan gari, inda a lokacin gidaje ba su fi a ƙirga ba. Ƙasar wurin fa ce, dutse tsantsa. Ranar da muka sauka ya gwada fartanya sau biyu, ta yi tsalle, ya ajiye. Bai ƙara ɗauka ba, bai kuma yi kuka ba. Na ɗauka zan ji daɗi. Sai ya zama ba ya tashi in ba na tashe shi ba, ba ya ci in ba na sa masa a baki ba. Wurin sana'ata ya yi nisa, ina tafiya da kasko a ka, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi, inuwa ta matsa ta bar shi a rana. Na riƙa yi masa wanka, ina juya shi, ina wanke shimfiɗa. Maganarsa ta ragu har ta ƙare. Ni ma ban cika yi masa ba, ba don ƙi ba, bakin ne ya yi nauyi.

A tsakiyar zafi ya rasu, da hantsi, ina gida ranar saboda ƙafata ta kumbura. Na ba shi ruwa ya sha kaɗan, na juya in ajiye moɗa, na waiwayo ya tafi. Maza suka zo suka ɗauke shi, aka yi masa salla a Harami. Mata suka cika rumfar suna cewa in yi haƙuri, ni kuwa abin da nake ji a jikina barci ne kawai, ina jin kunyar kada su gane.

Da na fita takaba 'yata ta zo da mota ta ce ba za ta koma ba sai da ni. Ban yi gardama ba. A Jidda suka ba ni wani ɗan ɗaki a sama, tagarsa na shigo da iska mai ɗanshi. Ta kawo mini shinkafa da kifi a faranti, ta ajiye ta fita. Na zauna ina kallonsa, na rasa yaushe rabon da in ci abin da ba ni na dafa ba. Na ci rabi, na jingina da bango, ban farka ba sai da ta taɓa ni ta ce la'asar ta wuce.